Rigar da Ba Ta San Sabulu Ba

"...wa alaikumus salam. Wa ya bar ƙofa a buɗe har ka shigo?"

"Haba Uwar Kumfa, ko gaisuwar ba za ki ƙarasa ba? Ina 'sannu da zuwa'?"

"Na ba ka rabi. Ragowar ka samu wuri ka zauna ka jira, ai jira sana'arka ce."

Ɗan Benci ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ja bokiti ya kife ya zauna a kai. Ɗakin wankin kulob ɗin yana ƙarƙashin rumfar 'yan kallo, taga ɗaya gare shi, da injin wanki biyu. Ɗaya yana aiki, ɗayan kuwa tun da ya mutu aka mai da shi ma'ajiyar safar da ta rasa 'yar'uwarta. A nan Uwar Kumfa ta yi shekara ashirin da biyu tana wanke rigunan 'yan wasa. Babanta da mahaifiyar Ɗan Benci ciki ɗaya suka fito, saboda haka taubasai ne, kuma tun suna yara babu wanda ya taɓa jin ɗayansu ya yi wa ɗaya magana a miƙe.

Sunan nasa ma ita ta laƙaba masa, ya bi shi har gida. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana ɗan wasa a kulob ɗin, kusan dukansu a zaune. Da ya ajiye takalmi sai ya koma tuƙa motar 'yan makaranta, a ranakun hutu kuma ya riƙa zuwa kwas har ya samu takardar shaidar koci. Da kocin kulob ya ajiye aiki, kwamiti ya ce wannan karon a cikin tsofaffin 'yan wasa za a ɗauka. Mutum uku suka nema: Harsashi, tsohon ɗan gaba wanda har yanzu hotonsa ke manne a bakin ƙofar filin; Katanga, tsohon kyaftin mai tsaron baya; sai shi. Aka ba kowa yini guda ya jagoranci atisaye, 'yan kwamiti suna sama suna kallo. Ranar Litinin ta Harsashi an sha tafi. Ranar Talata ta Katanga an sha tsawa. Ranar Laraba tasa kuwa shiru kake ji, da ya ɗaga kai ma sai ya hangi wani ɗan kwamiti yana hamma, wani yana danna waya. Yau Alhamis, ƙarfe huɗu Ciyaman zai faɗi wanda aka ɗauka, ga shi yanzu ko sha ɗaya ba ta yi ba. Bai taɓa son wani abu a duniya kamar yadda yake son aikin nan ba, kuma ya fi kowa sanin cewa shi ba a saba zaɓensa ba.

"Me ka ƙunso a leda?" in ji ta, ba tare da ta ɗago daga gugar da take yi ba.

"Rigar da zan sa anjima ce. Maɓalli ya faɗi, ki ɗan maƙala min."

Ta ajiye dutsen guga, ta karɓi rigar ta kai ta saitin taga.

"Wannan maɓallin ba faɗuwa ya yi ba. Ga zaren nan an yanke shi da reza."

"Ɓera ne."

"Ɓeran gidanku da reza yake yawo?"

"Namu wayayyu ne. Ba irin na gidan Kawu ba, da suke shiga kicin su fito suna share hawaye."

"Ka taɓa ubana ko? Wallahi sai Gwaggo ta ji."

"Ke kika fara taɓa ɓeranmu."

"To tunda ka iya yanke maɓalli don ka samu dalilin zuwa, faɗi abin da ya kawo ka, ina da aiki."

Ya sosa ƙeya, ya dubi igiyar shanya da aka ja daga wannan bango zuwa wancan. Riguna sun cika ta maƙil, har da wasu a kan ƙofa, wankin ya fi na kullum yawa nesa ba kusa ba.

"An ce jiya da yamma an gan ki kin hau sama, ofishin Ciyaman."

"An ce. Masu cewar ba su gaya maka abin da na je yi ba?"

"An ce da kwanduna kika hau."

"To wanki na kai."

"A ofis ake wanki yanzu?"

"Kai a benci ake buga ƙwallo? Ai ka yi shekara goma sha ɗaya kana yi, ba wanda ya tuhume ka."

Ya haɗiye wannan. Ya san halinta sarai, in ka nuna mata kana ƙishirwar labari sai ta sa ka zagaya filin nan sau bakwai kafin ta ɗiga maka. Sai ya gyara zama a kan bokiti, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya kamar wanda ba abin da ya dame shi.

"Ni dai tausayin kulob nake ji. In aka ba Harsashi, an shiga uku."

"Rufe bakinka! Harsashi? Ƙwallo ɗari da goma sha bakwai ya ci wa kulob ɗin nan. Akwai ranar da ya buga wata ta yaga raga, da hannuna na ɗinke ta. Kai nawa ka ci?"

"Ɗaya."

"A ragar wa?"

"Ba a tambayar wannan. Ƙwallo ta shiga raga, jarida ta buga sunana."

"Ta buga, har da hoton golanmu ya ɗora hannu a ka yana kallonka."

"Shi ya fito ba a kira shi ba. Ni baya na mayar masa cikin mutunci."

"Cikin mutunci, ta saman kansa! Ranar nan har magoya bayan abokan hamayya sai da suka nemi a ba su rigarka su ajiye."

"Kin gani? Wane ɗan wasa ne a kulob ɗin nan ɓangare biyu suka so shi in ba ni ba?"

Ta ƙyalƙyale da dariya har sai da ta dafa teburin guga, sannan ta tuna da wa take magana, ta tsuke fuska. Ta ɗauko allura ta zura zare, ta fara maƙala maɓallin.

"Ni na riƙe lissafinka, ba sai an duba littafi ba. Shekara goma sha ɗaya, minti arba'in da shida a cikin fili."

"Hamsin da biyu. Ba kya sa ƙarin lokaci."

"Shidan nan a bakin layi ka yi su kana ɗaure igiyar takalmi, alƙalin wasa ya busa tashi kafin ka gama."

"Ƙafata ɗaya tana ciki. A tambayi duk wanda ya zo kallo."

"Har yanzu in aka duba bencin nan ta gefen hagu akwai lotsawa daidai mazauninka. Kafinta ya zo zai gyara, na ce ya bari, kayan tarihi ne."

"Ki yi dariyarki. Amma a zaman nan babu wanda ya kai ni ganin wasa. Harsashi bai taɓa kallon wasa ba a rayuwarsa, raga kawai yake gani. Katanga kuwa ƙafar mutane yake gani. Ni na zauna kusa da koci tara, na ji abin da kowannensu yake faɗa, na ga inda ya yi daidai da inda ya kwafsa."

"Bokitin ruwa ma ya zauna kusa da koci tara. Shi ma ya kai takardar neman aikin?"

"Da ya kai da ya fi Katanga. Shi aƙalla yana sanyaya mutane."

"Kar ka taɓa min Katanga. Namiji ke nan! Ranar Talata da ya daka tsawa ɗaya, injin nan sai da ya tsaya da kansa."

"Wutar lantarki aka ɗauke."

"Ita ma tsoro ta ji."

"Sau talatin ya sa su zagaya fili, taubashiya. Sau talatin! Ƙwallayen suna cikin buhu ko kwance bakinsa ba a yi ba. Ɗan gabanmu da ya zo wucewa ta gabana a zagaye na ashirin, cewa ya yi in gaishe masa da iyalinsa."

"To ai gara shi, an ji muryarsa. Kai jiya me ka yi? Na leƙa ta taga na gan ka tsaye ƙiƙam da usur a baki kamar mai ba da hannu a titi. Ko sau ɗaya ƙafarka ba ta taɓa ƙwallo ba."

Nan ta taɓa inda yake masa ciwo. Abin da ya kwana yana saƙawa ke nan. Jiya ya raba 'yan wasan ashirin da huɗu gida huɗu, shida-shida, ya yanka filin ƙanana, kowane rukuni da ƙwallonsa, duk minti takwas a sauya abokan karawa. Shi kuwa yana tsakiya, in ya ga kuskure ya matsa ya faɗa wa mutum a kunne, ya koma. Babu abin burgewa a ciki ga wanda ke zaune a sama. Da zai iya buga ƙwallo ta lanƙwasa ta faɗa kusurwar raga kamar Harsashi, da ya yi ko sau ɗaya don a san yana wurin. Amma bai iya ba, bai kuma taɓa iyawa ba.

Ya sauke ƙafarsa daga kan ɗaya. Muryarsa ta yi ƙasa.

"'Yar Kawu, don girman Allah. In kin san wani abu ki gaya min. In ba ni ba ne, gara in ji a nan, in samu in gyara fuskata kafin in hau sama. Ba na so in ji shi a gaban mutane."

Rabon da ya kira ta 'yar Kawu tun rasuwar mijinta. Ta dube shi ta gefen ido, ta ciji zaren ta tsinke, ta jefa masa rigarsa a cinya. Sannan ta koma kan abin da take gogewa tun shigowarsa, wata jaket mai ruwan shuɗi mai duhu, irin kalar kulob, wadda ta juya cikinta waje.

"Abin da na sani kaɗan ne. Jiya bayan an tashi, kwamiti ya zauna. Mutum biyu suka ce Harsashi, mutum biyu suka ce Katanga, Ciyaman ya rasa inda zai sa kansa."

"Ni fa?"

"Sunanka yana jikin takardar. A can ƙasa, daidai inda aka ɗora kofin shayi."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya sha jin irin wannan, amma bai taɓa sabawa ba.

"To. Allah Ya sa haka ya fi alheri."

"Wa ya ce ka yi addu'ar rufe taro? Ban gama ba. Ka san daga Litinin har jiya ban wanke kayan atisaye ba?"

"Kwana uku? Ashe shi ya sa jiya duk wanda ya bi ta ƙofar nan sai ya toshe hanci. Na zaci turarenki ne."

"Turaren gidanku. Da gangan na ƙi. Kayan kowace rana na zuba su a kwandonsu daban, na rufe. Koci sama da goma na gani a ɗakin nan, kuma ban taɓa zama na kalli atisaye daga farko har ƙarshe ba, ina ni ina lokaci? Amma tun a makon farko nake sanin wanda zai daɗe da wanda zai tattara kayansa. Kwando ne yake gaya min. Da na ji sun kasa, sai na ɗauki kwandunan ɗaya bayan ɗaya na hau da su, na jera a kan teburin taro."

"A kan teburin Ciyaman? Mai gilashin nan?"

"Shi. Na buɗe na Litinin na ce su taɓa. Riga ashirin da huɗu, in ka cire ta gola, duk a bushe, har ƙanshin sabulun makon jiya yana jiki. Sai na ɗago ta Harsashi, na matse ta a gabansu, ruwa ya zuba a kofin sakatare."

"Kai!"

"Ƙwallo goma sha huɗu ya ci ranar nan, shi kaɗai. Bugun tazara shi, fenariti shi, bugun kwana ma shi ya buga ya ruga zai sa kai. 'Yan wasa suna tsaye sun harɗe hannu suna tafi. Na ce da su, wannan in kun ɗauke shi kun samu ɗan wasa mai shekara arba'in da biyar da 'yan kallo ashirin da huɗu."

Ɗan Benci ya fara murmushi, ya danne.

"Na Talata fa? Ai wannan kam sun yi gumi."

"Sun yi, har da na sayarwa. Kowace riga jagab. Amma na ce su duba gwiwar safa, su duba gefen wando. Babu koren ciyawa ko ɗigo, babu tambarin ƙwallo a ƙirjin kowa. Gumin gudu daban, gumin ƙwallo daban, ni da nake cuɗa su na sani. Na ce wannan in gasar tsere za ku shiga, ku riƙe shi da hannu biyu."

"Sai na Laraba."

"Na Laraba ban so buɗewa ba, don mutuncin dangi."

"Buɗe dai."

"Ƙazanta, Ɗan Benci! Tunda nake ban taɓa ganin ƙazanta irin ta kwandonka ba. Riga ashirin da huɗu, babu wadda za ka gane kalarta. Gwiwa kore, gwiwar hannu kore, baya duk ƙasa. Har lamba ashirin da huɗu, ta golan nan na uku, rigar da tun da aka sayo ta ban taɓa sa mata ruwa ba, layin ninkin kanti yana jikinta. Jiya sai da na jiƙa ta sau biyu. Hannuna har yanzu zafi yake, kuma kai za ka ɗauki alhakina."

"Su 'yan kwamitin me suka ce?"

"Ɗaga riguna kawai suke ta yi suna juyawa. Sai sakatare ya kai hannu can ƙasan kwando ya zaro wata fes, a ninke, hannu a ciki, wuya a sama. Ya ce, wannan fa ta wane ne? Na ce ta kocin ce. Haka ya saba kawo min ita, shekara goma sha ɗaya."

Injin wanki ya kai wurin matsewa, ya hau girgiza yana buga bango. Ɗan Benci ya zauna yana kallon rigar da ke cinyarsa. Ninkin nan ya san shi. Kowace Asabar bayan an tashi wasa, sauran suna cillo nasu a kwando daga nesa suna ihu, shi kuwa sai ya ninke tasa ya ajiye a gefen tebur, don kada a wahalar da ita wanke abin da bai yi datti ba.

"Ciyaman fa?" ya tambaya da ƙyar.

"Ya ce in fitar da kwandunan kafin ya suma."

"Sai kuma?"

"Sai na fitar."

"Shi ke nan?"

"Ni mai wanki ce, ba 'yar kwamiti ba. Aka rufe ƙofa, na sauko na kama aikina."

Ya yi ajiyar zuciya. Bai samu amsar da ya zo nema ba, amma wata tambaya daban ta taso masa.

"Me ya sa kika yi haka? Hawa uku da kwando a ka, ke da kike kukan gwiwa. Ke da ba ki taɓa faɗin alherina ba ko a mafarki."

"Don warin ya kashe su in gaji teburin."

"Uwar Kumfa."

Ta kashe dutsen guga, ta tsaya tana shafa jaket ɗin da tafin hannu.

"Ka tuna ranar da Gwaggo ta zo kallo? Wasan ƙarshe na shekararka ta huɗu. Ta yi kwalliya, ta gayyato maƙwabta, aka ce za a sa ka bayan hutun rabin lokaci."

"Ba a sa ni ba."

"Ba a sa ka ba. Amma da yamma rigarka ta zo min da datti, gaba da baya."

Ya ɗago da sauri. Shekara nawa ke nan, bai taɓa gaya wa kowa ba. Ranar nan da aka tashi, kunya ce ta hana shi fitowa gaban mahaifiyarsa da riga fes. Idonta ba ya gani daga nesa, ba za ta iya bambance wanda ya shiga da wanda bai shiga ba. Sai ya zagaya bayan ɗakin wanki, ya tuɓe rigar ya murza ta a ƙasa, ya mayar, ya je ya gaishe ta. Ta shafa kafaɗarsa ta ce sannu da ƙoƙari.

"Kin sani?"

"Ƙasar bayan ɗakin nan ja ce. A cikin fili babu jar ƙasa ko cokali ɗaya."

"Amma ba ki taɓa..."

"Na zolaye ka da ƙwallon da ka ci gida, na zolaye ka da benci, na zolaye ka da kan nan naka mai kama da tulu. Wannan kuwa na wanke ta na yi shiru. Ita ce rana ɗaya tak da rigarka ta san sabulu, kuma ban ji daɗin wankin ba." Ta ja hanci. "Jiya da na ɗago lamba ashirin da huɗu na ga koren ciyawa a jikinta, na gaskiya, na san wanda ya sa aka yi shi, na kuma san dalili."

Ɗan Benci ya juya fuska wajen taga. Idonsa ya kawo ruwa, bai iya hana shi ba.

"Garin sabulun nan naki yana shiga ido," ya ce.

"Yana shiga. Ni ma tun jiya yake damuna. Tashi tsaye."

"In yi me?"

"Abin rataye riga ya karye, kuma duk ɗakin nan kai ka fi kama da shi. Miƙe hannuwa in ga ko gugar ta kwanta."

Ya miƙe don ya samu abin yi, ya ware hannuwa. Ta juyo da jaket ɗin daidai, ta zura masa ta baya, ta ja kafaɗun, ta zagayo ta ja zif har wuya. Ta ja da baya tana ƙare masa kallo, baki a taɓe.

Sai a lokacin ya lura. Hannun jaket ɗin ya tsaya daidai wuyan hannunsa, bai wuce ba bai gaza ba. A ƙarƙashin keken ɗinkin da ke lungu kuma ga ƙyallaye shuɗɗa guda biyu a yashe, sabon yanka.

"Uwar Kumfa. Harsashi ya fi ni tsawo da kusan taƙi guda."

"Ya fi ka. Kowa ma ya fi ka."

"Katanga kuwa ko hannunsa ɗaya ba zai shiga nan ba."

"Ko yatsansa."

"To wa aka..."

"Ni ban san komai ba. Da sassafe Ciyaman ya sauko da kansa ya miƙo min ita, ya ce a rage ta kafin ƙarfe huɗu, kuma in na buɗe baki zai sa a kwashe injina. Na ce awon wa? Ya ce wai ai na san awon, tunda tare aka yi mana wanka a baho ɗaya muna yara. Ka ji fa sharri. Bakina dai a ɗinke yake, ban gaya wa kowa komai ba."

Ya juya baya ga injin da ya mutu, ya leƙa ta kafaɗa a gilashin ƙofarsa mai zagaye. Ta cikin tarin safa ya hango farin rubutu a gadon bayansa, haruffa huɗu manya. Ko a juye suke ya karanta su. Ya koma kan bokiti daɓas.

"Tashi min daga nan kar ka yamutsa gugar! Ka gani? Ko minti ɗaya ba ka yi da ita ba ka nemi wurin zama."

Ya miƙe yana dariya yana share ido da bayan hannu.

"Faɗi mana. Ki ce na iya."

"Kwandonka ya iya."

"Ni na cika kwandon."

"To, na ji. Ka iya."

"Ban ji ba, inji yana ƙara. Maimaita."

"Ya wuce. Sai bayan wata shekara ashirin da biyu." Ta zuge zif ɗin ta cire masa jaket ɗin, ta ninke ta hannu a ciki, wuya a sama, ta ajiye a gefen tebur. "In Ciyaman ya faɗa, ka yi kamar ka sha mamaki. Ka buɗe baki yadda ka yi ranar da ka ci gida. Ranar Asabar kuma ka ɗauko Gwaggo, zan sa a ajiye mata kujera a layin gaba."

"A benci dai za ta sake ganina."

"A nan za ta gan ka. Amma wannan karon in ka miƙe tsaye mutum ashirin da huɗu ne za su juyo, kuma ko idonta bai gani ba, kunnenta zai ji sunan da ake kira."

Ya ɗauki rigarsa ya sa a leda, ya nufi ƙofa. Da ya kai bakinta sai ya juyo, tsohon halin ya dawo.

"Ki shirya. Daga Litinin atisaye sau biyu a rana, kuma zan sa a riƙa jiƙa filin tukuna. Sai kin nemi inji na uku."

Jiƙaƙƙiyar safa ta same shi a ƙeya kafin ya rufe baki. Yana cikin ɓamɓare ta daga wuyansa ya ji ta tana dariya, irin dariyar da take yi tun suna yara in ta rasa abin cewa.

"Tsaya, kar ka tafi da rabin gaisuwa. Ga ragowar da na ce ka jira." Ta goge hannunta a jikin zane, ta gyara tsayuwa. "Sannu da zuwa, Koci."